Bikin Mujiya

Bikin mujiya taro ne na ilmantarwa da ake shiryawa sau ɗaya a shekara a wasu ƙasashe, domin a nuna wa jama'a, musamman yara da iyayensu, yadda mujiya take rayuwa da irin amfanin da take yi wa manomi. Ya bambanta da bukukuwan da aka gada kaka da kakanni, irin su bikin kamun kifi na Argungu ko Uhola na ƙasar Zuru, domin masu kula da namun daji ne suka ƙago shi a farkon ƙarni na 21. Da yawa daga cikin wuraren da ya yi ƙarfi wurare ne da ake tsoron mujiya, ko ake kashe ta saboda camfi da neman asiri. Ban da bukukuwan, masu sha'awar tsuntsaye suna ware ranar 4 ga Agusta ta kowace shekara domin wayar da kai a kan mujiya.

Asali

Bikin da aka fi sani shi ne na Houston, wani ɗan ƙaramin gari mai mutum kusan 1,000 a kudu maso gabashin jihar Minnesota ta Amurka, wanda suna kawai ya haɗa shi da babban birnin nan na jihar Texas. Mafarinsa wata mujiya ce mai suna Alice, daga jinsin manyan mujiyoyin Amurka masu tukkun gashi kamar ƙaho. A shekarar 1997 ta faɗo daga sheƙa tun tana 'yar makonni, ta karye a fiffike, karayar da ta hana ta tashi har abada. Da aka tabbatar ba za ta iya komawa daji ba, sai aka damƙa ta ga Karla Bloem, wata mai koyar da sanin halittun daji a garin, wadda ta riƙa zagayawa da ita makarantu da taruka. A shekarar 2003 aka shirya wata 'yar ƙwarya-ƙwaryar walima domin tunawa da ranar da aka ƙyanƙyashe ta, kuma daga wannan walimar ce bikin ya samo tushe. Ana yin sa a farkon watan Maris. Shekara kan shekara baƙi suka riƙa ƙaruwa, aka fara gayyato masana daga wasu nahiyoyi ana ba su lambar yabo kan aikin da suka yi wa mujiya, har a shekarar 2015 aka buɗe cibiya ta musamman a garin wadda ba ta da wani aiki sai koyar da sanin mujiya.

A Asiya dalilin ya fi tsanani. A ƙasar Nefal, inda ake kama mujiyoyi ana fataucinsu a ɓoye, wata ƙungiyar kare muhalli ta fara nata bikin wajen shekarar 2012. Ana yin sa a farkon watan Fabrairu, kuma ba shi da mazauni ɗaya: kowace shekara gunduma dabam ake kai shi, a haɗa shi da wasannin gargajiyar mutanen wurin domin su ɗauke shi abinsu. A Indiya kuwa, Gidauniyar Ela ta shirya na farko a ƙarshen Nuwamban 2018 a ƙauyen Pingori da ke gundumar Pune ta jihar Maharashtra. A addinin Hindu mujiya ce abin hawan Lakshmi, abar bautar da suke dangantawa da arziki, amma wannan daraja ba ta cece ta ba, domin a lokacin bikin Diwali wasu na sayen ta su yanka da nufin jawo dukiya.

Garin Kikinda na arewacin Sabiya ya samu nasa ne ta wata hanya. Duk lokacin sanyi ɗaruruwan mujiyoyi masu dogon tukku suna taruwa su yini a itatuwan dandalin da ke tsakiyar garin, mutane na harkokinsu a ƙarƙashinsu, har mazauna garin suka ware watan Nuwamba domin su.

Abin da ake yi

Tsarin bukukuwan yana kama da juna. Ana fito da mujiyoyi masu rai, galibi waɗanda rauni ya hana su komawa daji, mai kiwon ya ɗora ɗaya a hannunsa da ya rufe da safar fata mai kauri, yana bayani jama'a na kallo. Akwai gasar zane ta yara, da gasar kwaikwayon kukan mujiya, da koyar da haɗa akwatin katako da mujiya za ta yi sheƙa a ciki. Idan dare ya yi sai a fita bayan gari da jagora, a tsaya shiru a saurari kukanta.

Darasin da ya fi jan hankalin yara shi ne na curin da mujiya take amayarwa. Mujiya kan haɗiye ƙaramin abin da ta kama ɗungurungum, cikinta ya narkar da tsoka, sauran gashi da ƙashi da haƙora su dunƙule wuri guda, bayan wasu sa'o'i ta amayo su. Curin bai wuce girman babban ɗan yatsa ba, kuma idan ya bushe ba ya wari. Akan gasa shi da zafi tukuna domin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a ba kowane yaro ɗaya da tsinke. Yana warware gashin sai ga ƙoƙon kan ɓera da haƙoransa na gaba masu ruwan ɗorawa, ga muƙamuƙi, ga haƙarƙari sirara kamar zare. Ta wannan hanyar ce masana kansu suke gano abin da mujiyar kowane yanki take ci, ba tare da sun taɓa tsuntsuwar ba.

Halittar mujiya

Jinsunan mujiya sun haura 200, wasu lissafe-lissafen kan kai su kusan 250, kuma ana samun su a kowace nahiya ban da yankin ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya. Masana sun kasa su gida biyu: Tytonidae, gidan farar mujiya mai fuska kamar zanen zuciya, da Strigidae, wanda ya ƙunshi mafi yawan sauran.

Idanun mujiya ba sa juyawa a cikin gurbinsu, shi ya sa take juya kai gaba ɗaya, har zuwa digiri 270. Ƙasusuwan wuyanta 14 ne, na mutum kuwa 7. Faifan gashin da ya kewaye fuskarta yana tattara sauti ya kai shi kunne, kuma a wasu jinsunan, ciki har da farar mujiya, kunne ɗaya ya ɗara ɗaya tsayi, abin da yake ba ta damar gane daidai inda motsi yake fitowa. An gwada farar mujiya a ɗaki mai duhu ƙirin, ta kama ɓera da ji kaɗai. Gashin fikafikanta yana da taushi, bakinsa kuma yana da tsage-tsage kamar matsefi, don haka take tashi ba a jin fiffikarta. Tukkun da ake gani a kan wasu gashi ne kawai, kunnen yana ɓoye a gefen fuska.

Mujiyoyin ƙasar Kebbi

Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar jihar Sakkwato a shekarar 1991, tana da mazauni iri-iri: busasshen daji a arewa wajen Arewa da Argungu, fadamun gulbin Rima da na Zamfara, bakin Neja daga Bagudo zuwa Yauri, da duwatsu da daji mai duhu a ƙasar Zuru. Mujiyoyin da aka sani a wannan sashe na Afirka ta Yamma suna bin wannan bambancin. Sunan mujiya ya game su duka, ko da yake a wasu wurare akan ce wa babbar duji, ƙaramar kuma ƙururu.

Wadda ta fi kusa da mutane ita ce farar mujiya, Tyto alba. Tana zama a cikin silin ɗin makarantu da masallatai, da tsofaffin soraye, da rijiyoyin da aka daina amfani da su, da kogon bishiyar kuka. Ba ta gina sheƙa. A kan busassun curin da ta amayar take zuba ƙwai, galibi 4 zuwa 7, ta yi kwanci na kusan wata guda. Tun daga ƙwan farko take fara kwanci, saboda haka 'ya'yan ba sa ƙyanƙyashewa rana ɗaya, kuma a sheƙa guda akan tarar da babba ya fara gashi ƙaraminsu bai buɗe ido ba. Kukanta doguwar ƙara ce mai kaushi kamar ihu, 'ya'yanta kuwa idan suna neman abinci sukan yi wani huci mai kama da minshari, su kwana suna yi. Mai gidan da ya ji wannan a saman ɗakinsa da tsakar dare, bai kuma ga mai yin sa ba, ba abin mamaki ba ne zuciyarsa ta tafi wani wuri. Mai yiwuwa kaso mai yawa na labaran gidajen da ake cewa suna da aljanu daga nan ya samo asali.

A cikin itatuwan ƙaya da lambuna akwai ƙaramar mujiya mai farar fuska da jan ido, Ptilopsis leucotis, wadda idan ta ga abin tsoro takan matse jikinta ta miƙe siririya, ta runtse ido, ta koma kamar karyayyen reshe. Akwai Otus senegalensis, wadda ba ta fi tafin hannu ba, mai cin fara da gyare, mai maimaita ɗan gajeren kuka iri ɗaya dare farai. Glaucidium perlatum takan yi farauta da rana, kuma tana da baƙaƙen ɗigo biyu a ƙeya masu kama da idanu. A wuraren duwatsu ana samun Bubo cinerascens mai ruwan toka. Mafi girma ita ce wadda aka fi sani da Bubo lacteus, mai fatar ido ruwan hoda, wadda take iya ɗaukar zabo, take kuma feɗe bushiya ta cinye naman ta bar fatar da ƙayarta.

Camfi

A ƙasar Hausa, kamar a sassa da yawa na Afirka, ana danganta mujiya da maita da mutuwa. Idan ta sauka a kan gida ta yi kuka, wasu kan ce za a yi rashi, musamman idan akwai majinyaci ko jariri, sai a bi ta da jifa ko danƙo. Sassan jikinta kuma suna cikin kayan da ake samu a shimfiɗar 'yan magori.

Harshe ma ya riƙe wannan ƙyama. Idan aka ce an mayar da mutum mujiya, ana nufin an ware shi, kowa na gudunsa ko yana tsangwamarsa. Maganar tana da tushe a abin da ido yake gani: idan ƙananan tsuntsaye suka gano mujiya a maɓoyarta da rana, sukan taru a kanta suna tsuwa suna kai mata sura har sai ta bar wurin. Dalilinsu shi ne da dare ita ce take cin su.

Wannan camfi ya girmi zuwan Musulunci, kuma Larabawan jahiliyya suna da irinsa. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisi daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore wasu abubuwa da aka yi imani da su a jahiliyya, daga cikinsu akwai camfi da tsuntsaye da abin da ake kira hama. Imam Nawawi ya kawo fassara biyu a kan hama. Ta farko, mujiya ce, wadda idan ta sauka a gidan mutum sai ya ɗauka tana yi masa shelar mutuwarsa ko ta wani nasa. Ta biyu, imanin da suka yi cewa ƙasusuwan mamaci ko ransa suna rikiɗa su zama tsuntsu. Kowace aka ɗauka, hadisin ya rushe ta. Wasu al'ummun kuma akasin haka suka ɗauki mujiya: mutanen Atina ta tsohuwar Girka sun mayar da ita alamar hikima, suka buga hotonta a kan kuɗinsu na azurfa tun ƙarshen ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi.

Mujiya da noman shinkafa

Kebbi tana sahun gaba a noman shinkafa a Nijeriya, kuma a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoma rance a watan Nuwamban 2015. Duk inda shinkafa ta yawaita, damina da rani, ɓera yana yawaita: yana yanke karan tun tana ɗanya, yana haƙa ramuka a jikin kunya ruwa ya zurare, bayan girbi kuma ya bi hatsi har rumbu. Abincin farar mujiya kusan duka ɓeraye ne da jaɓa. Cikin waɗanda take kamawa har da ɓeran nan mai yawan nonuwa, Mastomys natalensis, wanda yake ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lasa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu a shekarar 1969.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan ɗabi'a dabarar noma. A Isra'ila an fara kafa wa farar mujiya akwatuna a gonaki a shekarar 1983, daga baya manoman Jodan da na Falasɗinu suka shiga shirin, kuma a can an ƙiyasta cewa mace da namiji tare da 'ya'yansu suna cin ɓeraye 2,000 zuwa 6,000 a shekara. Malesiya ma tana amfani da akwatunan a gonakin kwakwar manja da na shinkafa. Akwatin ba shi da wuyar haɗawa: katako ne mai ƙofa ɗaya a sama-sama, a ɗora shi a kan dogon turke inda rana ba ta dukansa kai tsaye. Babban abin da yake ɓata shirin shi ne maganin ɓera. Irin wanda yake hana jini daskarewa yakan ɗauki kwanaki kafin ya kashe, ɓeran ya riƙa tafiya a galabaice, shi ne kuma wanda mujiya ta fi saurin kamawa ta kai wa 'ya'yanta.

Saɓani

Masana ba su haɗu a kan ko mujiya ita kaɗai tana iya rage ɓera har amfanin gona ya ƙaru ba. Wasu na ganin sai an haɗa da tsabtace gona da tarko. Akwai kuma masu sukar fito da mujiya mai rai cikin haske da hayaniyar taro, masu shirya bukukuwan kuwa suna cewa waɗanda aka saba da mutane kaɗai ake fitowa da su.

Doka

Dukkan jinsunan mujiya suna cikin jerin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Nijeriya take cikinta. A cikin gida, an kafa dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa a shekarar 1985, aka yi mata gyara a shekarar 2016 aka ƙara yawan tarar da ke cikinta.