Wa Ke da Ikon Sare Bishiyar Bakin Titi a Ƙaramin Gari? Fashin Baƙin Dokar Ingila

Da asubar ranar 17 ga Nuwamba, 2016, 'yan sanda suka riƙa ƙwanƙwasa ƙofofin mazauna wani layi mai suna Rustlings a birnin Sheffield na ƙasar Ingila, suna umartarsu da su janye motocinsu, domin masu zarto sun iso za su kayar da bishiyoyin da suka shekara fiye da ɗari a bakin titin. Kafin gari ya gama wayewa an kama mutum uku, ciki har da mata biyu dattijai. Aikin yana cikin wata kwangilar gyaran tituna ta shekara 25 da majalisar birnin ta ƙulla da kamfanin Amey a 2012, wadda aka rubuta a cikinta cewa za a iya sare bishiya 17,500, wato kusan rabin bishiyoyin titunan birnin. An kayar da wajen 5,600 kafin a dakatar a 2018, kuma rahoton binciken da Mark Lowcock, tsohon babban jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya, ya jagoranta, wanda ya fito a watan Maris na 2023, ya sami majalisar da laifin ɓoye wa jama'a gaskiya. Wannan rikici yana daga manyan dalilan da suka sa aka gyara dokar da yanzu ta shafi kowane gari a Ingila, babba da ƙarami.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, bishiyar bakin titi tana da mai ɗawainiya da ita a idon doka, kuma galibi ba majalisar garin ba ce. Dokar Hanyoyi ta 1980 ta ɗora kula da titunan gwamnati a kan hukumar hanyoyi ta yanki, wadda a yawancin ƙananan garuruwa ita ce majalisar gunduma, mai ofis a wani gari dabam. Sashe na 96 na dokar ya ba ta ikon dasa bishiya a gefen titi da kula da ita. Majalisar gari ko ta ƙauye, wadda ita ce mafi kusa da jama'a, tana iya dasawa, amma sai da yardar hukumar hanyoyin. Saboda haka mutumin da ya ga reshe yana barazana ga rufin gidansa ya ruga wurin magatakardar majalisar garinsu, sau da yawa abin da zai samu bai wuce a miƙa kokensa gaba ba.

Gyaran da aka yi ya zo ne ta sashe na 115 na Dokar Muhalli ta 2021, wanda ya saka sabon sashe, na 96A, a cikin Dokar Hanyoyi, ya kuma fara aiki ranar 30 ga Nuwamba, 2023. Hukuncinsa gajere ne: dole hukumar hanyoyi ta tuntuɓi jama'a kafin ta sare bishiyar titi. Ƙa'idojin da gwamnati ta fitar sun fayyace yadda za a yi, wato a liƙa sanarwa a jikin bishiyar kanta, a kuma saka ta a shafin hukumar na intanet, a bayyana dalilin saran, a bar wa mutane aƙalla kwana 28 su faɗi ra'ayinsu, sannan a fito da amsa a bainar jama'a kafin zarto ya taɓa kututture. Liƙa takarda a jikin bishiya na iya zama kamar ƙaramin abu, amma a ganina shi ne mafi amfani a cikin ƙa'idojin, domin tsohuwar da ke wucewa ta ƙarƙashin bishiyar kullum a hanyarta ta zuwa kanti ba lalle ba ne ta taɓa buɗe shafin majalisa, alhali takardar da ke daidai fuskarta ba za ta kuɓuce mata ba.

Sai dai tuntuɓa dabam, neman izini dabam. Ko da duk mutanen layi sun rubuta sun ce ba su yarda ba, wuƙa da nama suna hannun hukuma, muddin ta nuna cewa ta saurara ta kuma yi la'akari da abin da aka faɗa. Wanda yake ganin an tsallake tuntuɓar ko an yi ta don cika ƙa'ida kawai yana iya roƙon babbar kotu ta duba matakin, amma hanya ce mai tsada, kuma idan bishiyar ta riga ta faɗi, ƙarar ta zama ihu bayan hari.

Akwai kuma bishiyoyin da dokar ta cire gaba ɗaya. Ba a buƙatar tuntuɓa idan faɗin kututturen bai wuce santimita 8 ba a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, ko idan bishiyar ta mutu, ko dokar cututtukan tsirrai ta wajabta sare ta, ko wata doka ta wajabta hakan saboda haɗarinta, ko tana tare hanya ta yadda ya saɓa wa haƙƙin naƙasassu a Dokar Daidaito ta 2010, ko kuma an riga an ba da izinin wani gini da ke buƙatar kawar da ita. A yawancin waɗannan, hukumar ce da kanta take yanke cewa togaciyar ta hau. Datse rassa ma, komai yawansa, bai shiga ciki ba, sai sara.

Togaciyar da ta fi taɓa ƙaramin gari tana cikin ma'anar kalmar titi. Dokar tana magana ne a kan titunan cikin gari, irin waɗanda aka ƙayyade gudu a kansu zuwa mil 30 ko 40 a awa, amma ta fitar da manyan hanyoyi da waɗanda aka yi wa daraja a jerin hanyoyin ƙasa, kamar masu lambar A ko B. To, a garuruwa da dama babban titin kasuwa, inda tsofaffin bishiyoyin da aka san garin da su suke, yanki ne na irin wannan hanya da ta ratsa gari ta wuce. Sai ya zama bishiyar lungu tana da kariyar tuntuɓa, ta tsakiyar gari kuwa ba ta da ita, sai dai idan hukumar ta ga dama ta tuntuɓa don kanta.

Inda majalisar gari take da filin kanta a bakin hanya kuwa, nauyin yana wuyanta, kuma kotu ba ta yi mata sassauci don ƙanƙantarta. A watan Janairu na 2012 wata babbar bishiya ta faɗo kan motar bas a ƙauyen Witley da ke gundumar Surrey, ta ji wa direban mummunan rauni. Jijiyoyinta sun riga sun ruɓe. Da aka kai majalisar ƙauyen ƙara, ta kare kanta da cewa tana sa a duba bishiyoyinta duk bayan shekara uku, amma kotu ta ce tsohuwar bishiya mai nauyi da ta karkata kan hanya mai yawan motoci tana buƙatar dubawa aƙalla duk shekara biyu, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2018. Abin da aka fahimta daga shari'ar shi ne, bai isa a yi wa dukkan bishiyoyi jadawali ɗaya ba, sai an ware waɗanda faɗuwarsu za ta yi ɓarna an riƙa leƙa su a kai a kai, tare da ajiye rubutaccen bayanin kowace dubawa.

Mai gida ma yana da nasa kason. Idan bishiyar da ke cikin shingensa ta miƙo rassa ta tare masu tafiya, ko ta rufe fitilar titi, ko ta hana direba hangen gaba, sashe na 154 na Dokar Hanyoyi ya ba hukuma ikon ba shi wa'adin kwana 14 ya datse, in ya ƙi ta yi aikin ta karɓi kuɗinta a wurinsa. Amma kafin ya ɗauki zarto sai ya bincika ko ƙaramar hukuma mai kula da tsara gine-gine ta sa wa bishiyar umarnin kariya a ƙarƙashin Dokar Tsara Birane ta 1990, domin kayar da irin wannan bishiya ba tare da izini ba laifi ne da tararsa ba ta da iyaka, kuma wajibi ne a dasa wata a madadinta. Idan gidan yana cikin unguwar da aka keɓe don adana tarihi, kamar yadda tsakiyar tsofaffin garuruwa da yawa take, sai ya ba ƙaramar hukuma sanarwar mako shida kafin ya taɓa duk bishiyar da faɗin kututturenta ya wuce santimita 7.5 a tsayin mita 1.5, ko da shi ya dasa ta da hannunsa.