Waiwaye: Shekara Ɗari Ana Gardama Kan Saurin Buɗewar Sararin Samaniya

Masana taurari sun rabu gida biyu a kan lamba guda. Wasu sun ce 67 ce, wasu sun ce 73. Lambar ita ce ma'aunin saurin da sararin samaniya yake buɗewa: duk tarin taurarin da ke nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 3.26 daga gare mu, yana ƙara nisa da kilomita 67, ko 73, a kowane sakan. Wanda ya ninka wannan nisa, saurinsa ma ya ninka. Mai karatu zai iya cewa ai tazarar ba ta taka kara ta karya ba. To, da wannan lamba ake lissafa shekarun sararin samaniya, kuma tazarar shidan nan ta isa ta zaftare kusan shekara biliyan ɗaya daga cikin biliyan 13.8 da ake faɗa.

Magabata ba su taɓa yin wannan tambaya ba, domin a wurinsu sama ba ta buɗewa. Aristotle ya koyar da cewa ƙasa tana tsakiya, falakai suna kewaya ta, haka suke tun fil'azal. Batlimus na Iskandariyya ya zuba wa wannan hoto lissafi wajajen shekara ta 150 Miladiyya, aka fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, aka yi ta karanta shi ana kuma yi masa gyara. Ibnul Haisam ya rubuta littafi sukutum a kan shakkun da yake da su game da Batlimus. Nasiruddin Ɗusi ya kafa ɗakin duban taurari a Maraga a 1259, shi kuma Ibnush Shaɗir, mai kula da lokutan salla a masallacin Umayyawa na Dimashƙu, ya fito da tsarin tafiyar wata da masu bincike suka ga ya yi daidai da wanda Copernicus ya wallafa a 1543. Copernicus ya mayar da rana tsakiya, Galileo ya hango watannin Mushtari a 1610, Newton ya kawo dokar jan nauyi a 1687. Duk da wannan juyi, abu ɗaya bai motsa ba: kowa ya ɗauka sararin da taurari suke ciki a tsaye yake cik. Batun ko duniya tana da farko kuwa, an bar shi hannun malaman addini da masu falsafa. Shi ne mas'alar farko da Imam Gazali ya fara yaƙar masu falsafa a kanta, Ibn Rushd ya zo daga baya ya mayar da martani.

Har Einstein bai tsira ba. Da ya ɗora sabon lissafinsa na jan nauyi na 1915 a kan sararin samaniya baki ɗaya, sai ya ga abin ya ƙi tsayawa wuri guda. Maimakon ya yarda, a 1917 ya cusa wani ƙarin adadi a cikin lissafin don ya tokare shi. Alexander Friedmann na Rasha ya nuna a 1922 cewa lissafin ya yarda sarari ya buɗe ko ya tsuke, amma ba a saurare shi sosai ba, ya kuma rasu a 1925.

Mabuɗin ya fito ne daga hannun wata mata da ba a ba ta damar riƙe madubin hangen nesa ba. Henrietta Leavitt tana cikin matan da Jami'ar Harvard ta ɗauka a ƙaramin albashi su riƙa duba hotunan sama da aka ɗauka a kan faifan gilashi, wasu an aiko su ne daga Arequipa ta ƙasar Peru. Tana bin ɗige-ɗigen nan ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma, sai ta lura da wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida. A 1912 ta fitar da sakamako a kan 25 daga cikinsu: wanda ya fi jinkirin kammala zagayen haskensa, shi ya fi haske na ainihi. Amfanin wannan kamar na wanda ya san ƙarfin fitilar mai shayi ne. Idan ya hango ta da dare ta dushe, zai iya ƙiyasta nisan da ke tsakaninsu. Daga nan aka sami igiyar awon sama. A daidai wannan lokaci Vesto Slipher a Arizona yana rarraba hasken wasu dusu-dusun abubuwa masu kama da gajimare, ya ga hasken yawancinsu ya karkata wajen ja, alamar suna gudu ne daga gare mu, wasu da ɗaruruwan kilomita a sakan.

Su waɗannan gajimaren an daɗe da sanin su. Abdurrahman Sufi ya ambaci na Andromeda a 964, ya kira shi ƙaramin gajimare. Abin da ba a sani ba shi ne ko a cikin tarin taurarinmu suke ko a waje. An yi muƙabala a kan haka a Washington a 1920 tsakanin Harlow Shapley da Heber Curtis, aka tashi ba kare bin damo. A watan Oktoban 1923 Edwin Hubble, yana aiki da madubi mai faɗin inci 100 a dutsen Wilson na California, ya ga wani ɗigo a hoton Andromeda. Da farko ya sa masa harafin N, yana zaton sabon tauraro ne da ya ɓarke. Da ya gwada da tsofaffin hotuna sai ya soke harafin, ya rubuta VAR, wato tauraro mai sauya haske, da jan tawada har da alamar motsin rai. Irin taurarin Leavitt ne. Lissafi ya ba shi nisan shekarar haske kusan 900,000, nesa ƙwarai da iyakar tarin taurarinmu.

Wanda ya fara haɗa guntayen nan wuri guda wani limamin cocin Katolika ne ɗan Beljiyam, Georges Lemaître. A 1927 ya rubuta cewa sararin ne kansa yake buɗewa, har ya ƙiyasta saurin, amma da Faransanci ya rubuta, a mujallar da ba kowa ke karantawa ba. Hubble ya wallafa nasa a 1929, sunansa ya bi dokar da ke haɗa nisan tarin taurari da saurin gudunsa. Sai a 2018 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta kaɗa ƙuri'a aka ƙara sunan Lemaître.

Lambar da Hubble ya samu 500 ce. A nan matsala ta fara, domin idan aka juya lissafin baya, sararin samaniya bai wuce shekara biliyan biyu ba, alhali masu nazarin duwatsu suna da hujjar duniyarmu ta kai haka ko ta fi. Ɗa ba ya girmar uwarsa. Wannan ɓaraka ce ta ƙarfafa Fred Hoyle da Hermann Bondi da Thomas Gold suka kawo nasu ra'ayi a 1948, cewa sarari yana buɗewa amma ba shi da farko, sabon abu ne ke ta samuwa yana cike gurbi. Hoyle ne ma ya laƙaba wa ra'ayin abokan hamayyarsa, masu cewa sarari yana da farko, sunan Big Bang, wato babbar fashewa, a wani shirin rediyon BBC a 1949. Da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna kimiyya ta tabbatar da farkon halitta, Lemaître, duk da rigarsa ta limanci, bai ji daɗi ba. A ganina ya yi hangen nesa: lambar da ake jingina da ita a lokacin ta ninka ta gaskiya kusan sau bakwai.

Kuskuren a igiyar awon yake. Walter Baade ya gano taurarin Leavitt iri biyu ne, an cakuɗa su, ya sanar a 1952 cewa a ninka duk nisan da aka auna. Allan Sandage ya gano wasu abubuwan da Hubble ya ɗauka taurari ne ashe dunƙulen iskar gas ne masu haske, lambar ta sauko wajen 75 a 1958. Andromeda a yau ana sa ta a nisan shekarar haske miliyan 2.5.

Ra'ayin Hoyle kuwa tattabaru ne suka halarci jana'izarsa. A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson suna gwada wata eriya mai siffar ƙaho a Holmdel ta jihar New Jersey, sai wani shuu ya ƙi barin na'urarsu, dare da rana, ko ina suka juya ta. Suka zargi birnin New York, suka zargi wayoyi, suka tarar da tattabaru sun yi sheƙa a cikin ƙahon, suka kore su, suka kankare kashin. Ƙarar tana nan. Ashe ragowar zafin farkon sararin samaniya ne, wanda Ralph Alpher da Robert Herman suka yi hasashensa tun 1948, hasken da ya kuɓuta lokacin da sarari yake da shekara 380,000 kacal. An ba Penzias da Wilson kyautar Nobel a 1978.

Aka yarda akwai farko, aka ci gaba da faɗa a kan lambar. Shekaru da dama Sandage yana cewa 50, Gérard de Vaucouleurs yana cewa 100, kowa da almajiransa. Ɗaya daga cikin dalilan harba madubin hangen nesa mai suna Hubble zuwa sararin samaniya a 1990 shi ne a raba wannan gardama, kuma a 2001 tawagar Wendy Freedman ta ce 72, da yiwuwar kuskuren 8 sama ko ƙasa. Kafin nan, a 1998, tawagogi biyu masu bin taurari masu fashewa sun gano buɗewar ƙara sauri take yi, abin da ya dawo da adadin nan da Einstein ya cusa ya kuma janye. Yanzu lissafi na cewa abin da muke iya gani kashi 5 ne cikin ɗari, kashi 27 wani ɓoyayyen abu ne mai nauyi, 68 kuma ɓoyayyen ƙarfi ne mai tura sarari.

Rigimar yau ta taso ne saboda awo ya yi kyau. Tauraron ɗan Adam na Turai mai suna Planck, da aka harba a 2009, ya auna wancan tsohon haske, aka bi lissafi daga farko zuwa yau, aka sami 67.4 a 2018, kuskuren bai wuce rabin ɗaya ba. Tawagar Adam Riess ta bi tsohuwar hanyar Leavitt, mataki-mataki daga taurarin kusa zuwa na nesa, ta sami 73 a 2022, kuskuren wajen ɗaya. Da can faɗin kuskure yana rufe bambanci. Yanzu babu wurin ɓuya. Wanda ya san tarihin Baade zai fara zargin igiyar awo, kuma an zarge ta: an ce cunkoson taurari ne ke ruɗar madubin Hubble. Da aka harba madubin James Webb ranar 25 ga Disamba, 2021, Riess ya sake duba taurarin da shi, awon bai canza ba. Freedman, da ta koma amfani da wasu jajayen manyan taurari, tana samun wajen 70, tana kuma ganin da sauran aiki kafin a ce lissafin ne ya karye. A gefe guda, binciken DESI da ake yi a Arizona ya fitar da sakamako a 2024 da 2025 mai nuna alamar ɓoyayyen ƙarfin nan yana iya raguwa da tafiyar zamani, abin da lissafin da ya haifi 67 bai tanada ba.