Marubuci a Taron Masoya Almarar Kimiyya da Labaran Al'ajabi: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin taro ne wannan, kuma su wa ke shirya shi?

Iri biyu ne, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai yi shiri marar amfani. Akwai manyan tarukan da finafinai da wasanni suka mamaye, irin Comic-Con na San Diego a Amurka, wanda ya faro a 1970 kuma yake tara mutum fiye da 100,000. Akwai kuma tarukan da masu karatu ke shirya wa kansu. Uban su duka shi ne Worldcon, wanda aka fara a New York a 1939, aka dakatar daga 1942 zuwa 1945 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo yana zagaya birane. An yi shi a Helsinki a 2017, Dublin a 2019, Chengdu a 2023, Glasgow a 2024. Mambobi ne ke zaɓen garin da ƙuri'a, shekara biyu kafin lokaci.

'Yan sa-kai ne ke ɗauke da irin wannan na biyun, daga shugaban kwamiti har mai tsaron ƙofa, ba a biyan kowa albashi. Shi ya sa ba tikiti ake saya ba, mamba ake zama. Marubucin da ya riƙe wannan a ransa ya fahimci rabin al'amarin: shi ma mamba ne, kamar matar da ke zaune a layi na uku tana sauraronsa, wadda wataƙila ta fi shi sanin littattafan fannin.

Ana biyan marubuci idan ya je?

A tarukan masu karatu, a'a. Baƙin girmamawa kaɗai, waɗanda ba su wuce 'yan ƙalilan ba, ake ɗaukar nauyin tafiyarsu da masaukinsu. Sauran, har da sanannu, su ke biyan kuɗin rajista da jirgi da otal. Wasu ƙananan taruka kan yafe rajista ko su mayar da kuɗin bayan an tashi, ga wanda ya yi magana a zama da dama na jadawalin taron. Kuɗin rajista yana hawa ne mataki-mataki yayin da ranar ke matsowa, ɗakunan otal masu rangwame kuma sukan ƙare da wuri. Mai buƙatar biza ya nemi takardar gayyata daga kwamiti watanni kafin lokaci.

Wanne ya kamata ya zaɓa?

Mai neman ganawa da editoci da wakilan marubuta ya duba taron World Fantasy, wanda ake yi tun 1975 kuma ake taƙaita yawan mahalartansa, ko taron Nebula na ƙungiyar marubutan fannin, SFWA. Mai neman masu karatu ya fi dacewa da Worldcon, ko Eastercon na Birtaniya, ko Dragon Con na Atlanta. Ga sabon shiga, ƙaramin taro na mutum ɗari uku zuwa biyar ya fi amfani, domin a can ne zai samu kujera a jadawali kuma a tuna da fuskarsa.

Ta yaya ake shiga jadawali?

Watanni kafin taro, sashen tsara shirye-shirye yana buɗe fom. A ciki marubuci zai faɗi ranaku da awowin da yake nan, da batutuwan da zai iya magana a kai, da ko ya yarda ya jagoranci zama. A nan mutane da yawa ke faɗuwa, domin suna rubuta cewa za su iya magana a kan komai. Masu tsarawa na neman wanda ya san abu takamaimai. Likitan dabbobi mai rubuta almara ya ce zai yi bayanin yadda jikin dodo mai fiffike zai iya ɗaukar nauyinsa, injiniya ya ce zai yi magana a kan ruwan sha a jirgin sama jannati. Irin wannan amsa ce ke sa a kira mutum. Idan daftarin jadawali ya iso, a amsa cikin wa'adi, kuma a faɗi gaskiya idan an sa mutum a batun da bai sani ba.

Me ke sa zaman tattaunawa ya yi kyau ko ya lalace?

Yawanci mutum huɗu ne ko biyar a teburi, da jagora ɗaya. Awa ɗaya ake warewa, amma minti 50 ake magana don a ba masu zuwa damar shiga ɗakin. A cire minti 5 na gabatarwa da 15 na tambayoyin jama'a, saura 30. Idan mutum huɗu ne, rabon kowa bai kai minti 8 ba. Duk wanda ya yi wannan lissafi kafin ya zauna ba zai cinye minti 5 a amsa guda ba.

A isa ɗakin jiran masu magana kamar minti 15 kafin lokaci don a san juna da jagora. A zo da maki uku a takarda, da sunayen littattafan wasu marubuta da suka dace da batun. Gabatar da kai jimla biyu ce. Kuskuren da ya fi kashe zama shi ne mai juya kowace tambaya ta koma kan littafinsa, ko mai jera littattafansa a gabansa har su tare masa fuska. Masu sauraro suna ganewa nan take, kuma masu tsara jadawali suna samun labari. Wanda ya yi magana mai ma'ana, ya yaba aikin wani, ya miƙa tambaya ga abokin zamansa da aka bari a baya, shi ne za a bi a tambayi sunan littafinsa bayan an tashi.

Makirufo dole ne, ko da mutum yana ganin muryarsa ta isa, saboda akwai masu raunin ji a kowane ɗaki. Idan an yi tambaya daga cikin jama'a, a maimaita ta a makirufo kafin a amsa.

Karatu a gaban jama'a fa?

Ana ba da minti 20 zuwa 30. Karatu a natse yana cin kalma 130 zuwa 150 a minti, don haka minti 15 kimanin kalma 2,000 ne. A zaɓi wurin da ba ya buƙatar dogon sharhi, mai 'yan wasa biyu ko uku, a tsaya inda mai sauraro zai so jin ci gaba. A buga shi da manyan haruffa, a gwada da agogo tun a gida, a tanadi ruwa. Mutum biyar ne suka zo? A karanta musu da cikakkiyar murya.

Akwai kuma zaman shan kofi, inda masu karatu kamar goma ke rubuta suna tun da wuri don su zauna da marubuci ɗaya na tsawon awa. Wannan ya fi kowane zama ƙulla dangantaka mai ɗorewa.

Zai sayar da littattafai da yawa?

Ba sosai ba, kuma da wuya cinikin ya mayar da kuɗin tafiya. Masu shagon littattafai da ke zauren 'yan kasuwa suna yin odar kaya makonni kafin taro, don haka a sanar da su tun da wuri, ko a yi yarjejeniya su sayar da kwafin da marubuci ya kawo su cire kasonsu. Kwafi 20 na matsakaicin littafi sun kai kilo 7, jakar jirgi kuwa yawanci kilo 23 ce. Mai son kama teburin kansa ya bincika dokar harajin wurin da sharuɗɗan bizarsa, domin bizar ziyara ba lallai ta halatta ciniki ba.

A teburin sa hannu, a tambayi yadda ake rubuta kowane suna, komai sauƙinsa. Sabon marubuci kan samu kansa kusa da wani mai dogon layi alhali gabansa babu kowa. Kowa ya bi ta nan. Ya ɗaga kai daga waya, ya yi hira da masu jira.

Ya halatta a tunkari edita da rubutu?

Kada a miƙa wa kowa rubutu a hannu. Edita ba zai ɗauki takardu zuwa jirgi ba, kuma kowane kamfani yana da hanyar karɓar aiki. Abin da ake so shi ne jimla ɗaya ko biyu da ke bayyana littafin, a ajiye har sai an tambaya. Mafi yawan sanayya a harabar otal ake yin ta da yamma. Idan aka ga edita da marubuci su biyu sun haɗa kai a teburi, aiki suke yi, a bar su. Kusan kowane taro yana da rubutacciyar ƙa'idar ɗabi'a a kan cin zarafi da ɗaukar hoto ba izini, kuma shahara ba ta kare wanda ya karya ta.

Ina alaƙar zuwa taro da kyautar Hugo?

Hugo kyauta ce ta fitattun ayyukan wannan fanni, kuma mambobin Worldcon ne ke ba da ita. An fara a 1953, kuma tun 1955 ba a fasa ba. Mambobin bana da na bara suna gabatar da ayyuka, har biyar a kowane rukuni, na bana kaɗai ke zaɓen ƙarshe. Akwai rajista mai rahusa da ke ba da ƙuri'a ba tare da halarta ba. Tsawon labari ke raba rukunonin labarai: ƙasa da kalma 7,500, daga nan zuwa 17,500, zuwa 40,000, sai abin da ya haura. Marubuci na iya sanar da ayyukansa da suka cancanta a shekarar. Haɗa gungu don cike gurabun ayyukan da za su kai zaɓen ƙarshe kuwa jama'ar ba sa yafewa. A 2015 da aka yi haka, masu zaɓe sun hana kowa kyauta a rukuni biyar, daga baya aka sauya tsarin ƙirga gabatarwa.

Yaya ake kai wa ranar ƙarshe da lafiya?

Worldcon kwana biyar ne. Tsofaffin mahalarta suna da ƙa'ida ta kullum: barcin awa 6, abinci sau 2, wanka sau 1. Mura tana yawo a irin wannan cunkoso, don haka a riƙa wanke hannu. A bar giɓi tsakanin zama da zama, domin a babban zaure tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki kan ci minti 10. Zama uku a yini sun isa. Da dare a rubuta a bayan kowane katin da aka karɓa abin da aka tattauna da mai shi, a aika masa gajeren saƙo cikin mako guda bayan komawa gida.