Intanet da karatu: me ya sauya, me ya ƙi sauyawa?

Shin intanet ce ta fara kawo karatu daga nesa?

A'a, ta iske shi ana yi. Tun a 1858 Jami'ar Landan ta ba waɗanda ba sa zaune a harabarta damar yin karatu a inda suke, sannan su rubuta jarrabawarta. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, ta riƙa aika darussa ta gidan waya da rediyo da talabijin. Matsalar waɗannan hanyoyi ita ce jinkiri, domin ɗalibi kan yi tambaya yau ya jira amsa makonni. Intanet ta rage wannan jira, kuma ta sa darasi guda ya isa ga mutum dubu ba tare da an buga takarda dubu ba. Ita kanta ma a hannun masu bincike ta tashi: a 1969 aka aika saƙon farko daga wata kwamfuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles zuwa cibiyar bincike ta Stanford.

To, me ta fi sauyawa?

Samun kayan karatu. A da, littafin da babu shi a ɗakin karatun makarantarku, to kamar ba a rubuta shi ba ne. A 2001 cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka ta sanar cewa za ta saka kayan darussanta a intanet kyauta, a shekarar ce kuma aka buɗe Wikipedia. Salman Khan ya fara ne da koya wa wata 'yar uwarsa lissafi daga nesa, daga 2006 ya shiga ɗora bidiyon darussa a YouTube, abin da ya zama Khan Academy.

Akwai wani amfani da ba a cika ambata ba. Ɗalibin da ke jin kunyar ɗaga hannu a aji yana iya maido da bidiyo baya sau goma, babu wanda zai yi masa dariya. Malamai su ma sun ci moriya, tunda yanzu malami na iya ganin yadda takwaransa na wata nahiya ke bayanin babin da ke ba shi wahala.

Idan darussa sun zama kyauta, me ya sa ba kowa ya zama masani ba?

A 2011 Sebastian Thrun da Peter Norvig sun buɗe darasinsu na Jami'ar Stanford ga duk mai so. Mutum kusan 160,000 suka yi rajista, amma kusan 23,000 ne suka kai ƙarshe. Shekara guda bayan nan aka kafa Coursera da edX, shafukan da ke ba da kwasa-kwasan jami'a ta intanet, har wasu suka fara cewa jami'o'i sun kusa rufewa. Ba su rufe ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa a irin waɗannan kwasa-kwasan kyauta, masu kammalawa galibi ba sa kai 10 cikin 100, kuma da yawa daga masu rajistar dama suna da digiri.

A ganina dalilin a fili yake. Makaranta ba wurin ajiye bayani kaɗai ba ce. Akwai lokacin shiga aji, akwai malamin da zai lura ba ka zo ba, akwai abokan da kake jin nauyin su wuce ka. Idan aka cire waɗannan, sai wanda ya riga ya iya tsara wa kansa karatu ne zai ɗore. Shi ya sa intanet ta fi ƙara wa mai ilimi ilimi, fiye da yadda take ɗaga wanda bai da tushe.

Me annobar korona ta nuna?

Ta gwada abin a kan duniya baki ɗaya ba tare da shiri ba. A 2020, hukumar UNESCO ta ce rufe makarantu ya shafi ɗalibai kusan biliyan 1.6 a ƙasashe sama da 190. Inda ake da na'ura da lantarki da layi mai ƙarfi, an koma Zoom da makamantansa. Asusun UNICEF kuwa ya ƙiyasta cewa aƙalla yara miliyan 463 ba su sami wata hanyar karatu daga gida ba. Har a 2023, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum kusan biliyan 2.6 ba sa amfani da intanet. Ga kuma batun harshe, domin kaso mafi tsoka na shafukan intanet da Ingilishi aka rubuta su.

Ke nan a raba wa yara kwamfutoci, magana ta ƙare?

An gwada. Ƙasar Peru ta raba ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci ga 'yan firamare, amma wani bincike da aka fitar a 2012 bai ga ƙaruwar makinsu a lissafi da harshe ba. Yaran sun iya sarrafa na'urar, sai dai ba a sauya yadda ake koyar da su ba.

Yaya batun koyon sana'a da horar da ma'aikata?

Nan an samu ci gaba na gaske, musamman a aikin da dama a kan kwamfuta ake yin sa, irin su rubuta manhaja, zane da lissafin kuɗi. Ma'aikaci na iya yin kwas da dare ba tare da ya ajiye aiki ba, kamfani kuma na iya horar da rassansa a lokaci guda. Makaniki ko mai gyaran waya yakan duba bidiyo idan ya haɗu da sabon samfuri, kuma yana amfana, saboda hannunsa ya riga ya faɗa. Ga sabon shiga kuwa, gani ba ci ba ne. Walda, jinya da haɗa wayar lantarki duk suna buƙatar gwani a tsaye a kanka, yana gyara maka riƙo kafin kuskuren ya zama jiki.

Ba ta ƙara satar amsa ba?

Ta sauƙaƙa ta, musamman tun bayan fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai rubuta amsar tambayoyi, a Nuwamban 2022. Yanzu aikin gida da aka rubuta tsaf ba ya tabbatar da cewa ɗalibi ya fahimci komai. Manhajojin da ake cewa suna gano rubutun ƙirƙirarriyar basira suna yin kuskure, har su ɗora wa mai gaskiya laifi. Saboda haka malamai da yawa suka koma yin tambaya baki da baki, da rubutu a cikin aji, da neman ɗalibi ya bayyana matakan da ya bi.

Takardar shaidar da aka samu ta intanet tana da daraja?

Ya danganta da wanda ya bayar da ita. Cibiyar fasaha ta Georgia a Amurka tana ba da digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta ta intanet tun 2014, kuma cikakken digiri ne. Takardar da ke nuna ka kalli bidiyo na awa huɗu wani abu ne daban. Kafin ka biya kuɗi, duba ko hukumar da ke tantance makarantu a ƙasar ta amince da masu bayar da takardar, ko akwai jarrabawar da ake sa wa ido, da kuma ko akwai malamin da zai duba aikinka ya maido maka da gyara.