Sabuwar Waƙa da Tsohon Sauti: Yadda Masu Sharhi Ke Yi Mata Hukunci

Wane irin kiɗa ake magana a kai?

Waƙoƙin pop ne na mawaƙan da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin kiɗa uku, wato Universal da Sony da Warner. Da yawansu kan koma su ɗebo sautin shekarun 1960 zuwa 1980: jita mai amsa kuwwa, ganga mai kauri, ko na'urorin kiɗa irin Roland Juno-60 da ta fito a 1982.

To me ya dami masu sharhi da haka?

Tsoronsu shi ne kada kiɗa ya daina gaba. A 2011 Simon Reynolds, mai sharhin kiɗa ɗan Birtaniya, ya fitar da littafinsa Retromania, inda ya yi ƙorafin cewa pop ta kamu da son abin da ya wuce. Ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan intanet: tunda YouTube ta baje tsofaffin waƙoƙi a gaban kowa, yaro ɗan shekara ashirin na iya haddace salon 1975 daga ɗakinsa.

Da me suke bambance aro mai kyau da kwaikwayo?

Nan ne gizo ke saƙa. Aron kansa ba laifi ba ne a wurinsu. Abin da suke nema shi ne me mawaƙin ya ƙara. Dubi Tame Impala, aikin Kevin Parker na birnin Perth a Ostareliya. Kowa ya ji muryarsa sai ya tuna da John Lennon na tsohuwar ƙungiyar mawaƙa ta Beatles, amma kundin Parker na 2012 ya sha yabo, domin ya haɗa tsohon sautin da dabarun kwamfuta, baitocinsa na kaɗaici kuma nasa ne. Sai ka kwatanta da Greta Van Fleet na jihar Mishigan, duk da su 'yan rock ne kuma babban kamfani ke riƙe da su. A 2018 mujallar Pitchfork, mai ba da maki daga sifili zuwa goma, ta ba kundinsu 1.6. Hujjarta: Led Zeppelin, shahararriyar ƙungiyar rock ta shekarun 1970, suka kwafo, daga ihun murya har tufafi, ba tare da nasu ba.

Mai sharhi kan saurari ƙananan abubuwa. Shin baitin yana magana kan rayuwar yau? Daga wuri ɗaya aka yi aron, ko an gauraya da dama? Idan an cire ƙarar tsohon faifai da aka sa da gangan, akwai sauran waƙa?

Amfani da tsofaffin kayan aiki na ƙara maki?

Wani lokaci. Kamfanin Daptone na Burukilin a birnin New York, da aka kafa a 2001, ya yi suna da naɗar sauti a kan tef kamar yadda ake yi a da, kuma an girmama mawaƙiyarsa Sharon Jones saboda muryarta ta iya ɗaukar nauyin salon. Tef kaɗai dai bai taɓa ceton waƙar da ba ta da daɗi ba.

Hukuncin nasu adalci ne?

A ganina, ba kullum ba. Yayi na taka rawa sosai. Sautin na'urorin 1980 da aka riƙa yi wa dariya a shekarun 1990 ya dawo abin so wajen 2009, har aka raɗa wa wani reshensa suna chillwave. Kuma wanda ya ari salon da ba kowa ya sani ba ya fi tsira daga suka a kan wanda ya taɓa shahararru, ko da girman aron ɗaya ne. Ga kuma tazarar shekaru: mai sharhin da ya girma da faifan asali yana jin maimaici, yayin da matashiyar da ke sauraro a wayarta yau ta fara jin irin wannan kiɗan.