Waiwaye: yadda sake tantance masu naƙasa a Birtaniya ya zama abin fargaba

In kana so ka ga hankalin mai karɓar tallafin naƙasa a Birtaniya ya tashi to ka ambaci ambulan ɗin nan mai ruwan ƙasa, wato wasiƙar ma'aikatar ayyuka da fansho, DWP, wasu sai ta yi kwana da kwanaki a kan tebur ba su buɗe ba don sun san abin da ke ciki, lokacin sake tantancewa ya zagayo.

Abin ya samo asali ne a 2008, lokacin gwamnatin jam'iyyar Leba, da aka kawo sabon tallafi mai suna ESA na waɗanda rashin lafiya ko naƙasa ta hana su aiki, haɗe da gwajin ko mutum zai iya aiki, aka ba kamfanin Atos kwangila. Maki ake bayarwa, sai ka samu 15 za a yarda ba ka da lafiyar aiki, kuma tambayoyin irin su za ka iya ɗaga kwali mara komai, za ka iya ɗaukar kwandalar fam ɗaya. To mai ciwon damuwa ai zai ɗaga kwali mana, matsalarsa ba a hannu take ba. Daga 2011 aka bi masu karɓar tsohon tallafin rashin lafiya ana sake gwada su, a 2013 kuma aka fara maye gurbin DLA, tallafin ɗawainiyar da naƙasa ke jawowa, da wani sabo mai suna PIP, wanda shi kam an gina shi ne a kan a riƙa dawo da mutum bayan 'yan shekaru, ko da ciwon nasa ba mai warkewa ba ne.

A 2013 ɗin dai aka ƙara wani shinge. Da in an hana ka kai tsaye kotu za ka nufa, yanzu dole sai ka fara roƙon ma'aikatar ta sake duba hukuncinta cikin wata ɗaya, mafi yawanci kuma ba ta canzawa, sannan ka ɗaukaka ƙara ka zauna jiran watanni. Abin haushin shi ne waɗanda suka daure suka kai gaban kotun, wajen bakwai cikin goma na masu ƙarar PIP su ke yin nasara. Amma wa ke daurewa? Wanda ko waya ba ya iya ɗauka saboda firgici, shi ne aka ce ya cike fom, ya nemo takardun likita, ya zauna gaban baƙo ya sake zayyana ranar da ya fi shan wuya a rayuwarsa, bayan haka rahoto ya fito an rubuta wai ya zo tsaf-tsaf yana kallon mutum ido cikin ido, don haka lafiyarsa ƙalau.

Kuma an yi asarar rayuka fa. Wani bincike na masanan jami'o'in Liverpool da Oxford a 2015 ya danganta sake gwajin da aka yi tsakanin 2010 da 2013 da ƙarin mutum 590 da suka kashe kansu a Ingila. Atos ya janye daga kwangilar gwajin aiki kafin wa'adi, kamfanin Maximus ya karɓa a 2015, sai dai tambayoyin suna nan yadda suke.

Inda aka ja daga sosai shi ne 2017. Gwamnati ta gyara dokar PIP ta yadda wanda tsananin damuwa ke hana shi fita ba zai samu maki irin na sauran ba, a Disamba babbar kotu ta ce wannan wariya ce ƙarara, gwamnati ba ta ɗaukaka ƙara ba, ta ce za ta sake duba fayil miliyan 1.6. A wannan tsakanin ne aka daina sake gwada masu ciwo mai tsanani na har abada a ESA, a PIP kuma wasu sai bayan shekara 10. Sikotiland ma tun 2022 ta kama nata tsarin a madadin PIP, wanda ba ruwansa da kamfanoni.

Masu taimaka wa mutane irin su Citizens Advice abin da suke cewa shi ne kar a bar mutum shi kaɗai, ana iya neman a yanke hukunci da takardu kawai ba sai an zauna da shi ba, ko a je gida, ko ya tafi da ɗan rakiya, a kuma nemi kwafin rahoton a bi shi layi-layi. Ko wata ɗayan nan na roƙon sake duba hukunci ya wuce ana karɓar roƙon har wata 13 in da ƙwaƙƙwaran dalili, rashin lafiyar ma dalili ne.

A 2025 gwamnatin Leba ta ce za ta soke gwajin aikin nan kwata-kwata zuwa 2028, amma in an yi hakan tantancewar PIP ce za ta yanke har da ƙarin kuɗin rashin lafiya na Universal Credit, tallafin masu ƙaramin ƙarfi, wanda ya faɗi a tantancewar ya rasa duka biyun ke nan.