Waiwaye: daga mari zuwa zaman bitar maganin masu taɓin hankali

Duk wanda ya taɓa jinyar mai taɓin hankali a asibiti ya san yadda magani ke taruwa. Ranar da aka kawo shi yana fisge-fisge sai a yi masa allura, washegari a ɗora shi a kan ƙwaya. Wuyansa ya sandare, a ƙara masa Artane, maganin sandarewar jiki. Barci ya gagara, a ƙara na barci. Kowanne da dalilinsa ranar da aka rubuta shi, amma dalilin ya kan wuce ya bar maganin a kati. Wannan ne ya haifar da zaman bita: likita da ma'aikacin jinya da mai harhaɗa magunguna su zauna da majinyaci da danginsa, a bi magungunan ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda za a bari, wanda za a rage da wanda za a janye.

Kafin a kai nan an sha tafiya. Gidajen farko da Turawan mulkin mallaka suka buɗe, irin na Yaba ta Legas a 1907, wuraren tsarewa ne kawai, kuma dokar 1916 da aka yi wa kwaskwarima a 1958 ta fi damuwa da yadda za a killace mutum a kan yadda za a warkar da shi. A gida kuwa mari ne da turu, sai rubutu da hayaƙi.

A 1952 likitoci biyu a birnin Faris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka nuna cewa maganin da muka sani da Largactil yana kwantar da ruɗewar tunani da jin muryoyi. A 1958 aka haɗa Haldol a Beljiyam, daga baya allurar Modecate mai daɗewa a jiki ta fito. Wannan ba ƙaramar rahama ba ce, domin mutanen da aka fid da rai da su sun koma cikin iyalansu. A daidai lokacin, 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abekuta, inda majinyata ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da wani danginsa. Ya gane tun da wuri cewa wanda ke kwana yana tashi da majinyaci yana ganin abin da likita ba zai gani ba a zagayen safe.

Illolin ba su daɗe ba suka bayyana: rawar hannu, dalalar da miyau, tafiya a sandare, nauyin harshe, da wani motsin baki da wani lokaci ba ya barin mutum ko an daina maganin. A manyan asibitoci da gidajen tsofaffi na Turai da Amurka, inda ma'aikata ba su da yawa, sai ƙwaya ta zama hanyar sa mutane su yi shiru. An cire marin ƙarfe an sa wanda ba a gani. A 1975 wasu majinyata suka rasu a Finlan saboda maganin kulozafin ya karya musu ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, sai aka janye shi a ƙasashe da dama. Sai wajen 1990 ya dawo da ƙarfi, bisa sharaɗin gwajin jini a kai a kai.

A Amurka an mai da bitar doka. Tun 1974 aka wajabta wa mai harhaɗa magunguna ya duba maganin mazauna gidajen jinya duk wata, sannan dokar 1987 ta taƙaita ba da magungunan taɓin hankali ba tare da cutar da ta cancanta ba, ta kuma buƙaci a riƙa gwada rage su a hankali. A 2005 hukumar magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗin cewa sababbi daga cikinsu suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa. A Ingila, rahoton Farfesa Sube Banerjee na 2009 ya ƙiyasta cewa masu cutar mantuwa kusan 180,000 ne ake ba irin waɗannan magunguna, kuma hakan na jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 1,800 a shekara. Sababbin magunguna irin su olanzafin sun rage sandarewar jiki, amma sun zo da ƙiba da ciwon suga, don haka awon nauyi da na suga da hawan jini suka shiga cikin aikin.

Mu a Kaduna abin ya zo mana ta fuska biyu. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, wanda ake zuwa daga jihohi da dama, ga sashen da ke asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ga asibitin Barau Dikko. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar 'yan ɗaruruwa ne ga mutane fiye da miliyan 200, shi ya sa da yawa daga masu larurar ke ƙarewa a gidajen da ba likita. Ba mu manta Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Ke nan muna fama da tsohon marin, sabon kuma na jiranmu.

A ganina, ƙarancin likitoci shi ne babbar hujjar yin zaman bita, domin ilimin da ake buƙata a warwatse yake a hannun mutane da yawa. Ma'aikaciyar jinya ce ta san wanda ke wuni yana gyangyaɗi, da wanda ke ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe. Mai harhaɗa magunguna ne zai lura cewa maganin tarin fuka yana rage ƙarfin Haldol, ko Tegretol, maganin farfaɗiya da ake ba wasu masu taɓin hankali, yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa, ko Epilim, wani irinsa, na iya nakasa ɗan tayi, don haka sai an yi taka-tsantsan da shi ga matar da ke iya ɗaukar ciki. Mai shan maganin litiyam idan ya haɗu da zafin watan Afrilu da azumi, ya kuma sayi maganin ciwon jiki a kemis, maganin na iya taruwa a jininsa ya zama guba. Wanda ya saba zuƙar sigari, aka kwantar da shi ya daina, olanzafin ɗin da ya dace da shi jiya zai iya yi masa yawa yau. Artane kuma, wanda matasa ke nema don maye, bai kamata ya dawwama a kati don kawai an saba rubuta shi ba.

Sai dangi. Su ne suka san jiƙon da ake kawowa a ɓoye cikin kwanon abinci, su ne kuma za su faɗi gaskiyar abin da aljihu zai iya saya bayan sallama. Ba za su faɗa ba in dai tsawa za a yi musu. Uwa ta kan ce, "Likita, yaron nan ba haka yake tafiya ba da," kuma wannan magana bayani ce da ya kamata a rubuta. Shi kansa majinyacin, in an tambaye shi, zai iya cewa ƙwayar ta kashe masa sha'awar iyali ko ta hana shi tashi sallar asuba, kuma irin waɗannan ne ke sa mutum ya watsar da magani da zarar ya koma gida. Bita ba ta nufin dangi su yanke magani da kansu. Dainawa farat ɗaya ta kan dawo da cutar, wani lokaci fiye da farko, shi ya sa ragewa ke tafiya mataki-mataki a ƙarƙashin idon likita.

A Janairun 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma ta ba majinyaci haƙƙin a yi shawara da shi a kan tsarin jinyarsa. Abin da ya rage shi ne hukumomin lafiya na jihar Kaduna su sanya zaman bita cikin sharuɗɗan ba da izini ga duk wurin da ke kwantar da masu taɓin hankali ko masu shaye-shaye, na gwamnati da na kuɗi: a tsayar da lokacinsa, a rubuta waɗanda suka halarta, a kuma rubuta dalilin barin kowane magani da ranar da za a sake duba shi.